Daga ina yashin Petra da Tassili ya fito? Tambayoyi da amsoshi kan bin asalin tsofaffin duwatsun yashi

Ɗaliban ilimin duwatsu da suka ɗauki aikin bincike kan dutsen yashi kusan tambayoyi iri ɗaya suke zuwa da su kowace shekara. Na tattara su a nan, na ɗora amsoshin a kan misali guda: shimfiɗar yashin da ta kwanta a arewacin Afirka da ƙasar Larabawa kimanin shekaru miliyan 500 da suka wuce. Na zaɓe ta ne domin tsaunukan da suka haifi wannan yashi, wani sashe na saiwarsu yana nan ƙarƙashin ƙafafunmu.

Me ake nufi da bin asalin dutsen yashi?

Dutsen yashi, yashi ne da ya daɗe a binne har ya dunƙule. Ɗauki gutsurensa ka murza da babban yatsa, sau da yawa za ka ji ƙwayoyin suna zubowa a tafin hannunka. A ma'aunin masana, ƙwayar da girmanta ya kama daga kashi 1 cikin 16 na milimita zuwa milimita 2 ita ce yashi. Abin da ya gaza haka laka ce, abin da ya ɗara kuma tsakuwa. Kowace ƙwaya ta taɓa zama jikin wani dutse dabam a wani wuri, rana da ruwa suka farfasa shi, kogi ko iska ko ƙanƙara suka kwaso ta suka zube inda muka same ta.

Bin asali shi ne komawa baya a kan wannan sawu: wane irin dutse ne uban yashin, ina yake, shekarunsa nawa, ta wace hanya yashin ya biyo. A da, dattawa kan dubi tsagar fuskar baƙo su ce wannan Bagobiri ne tun bai buɗe baki ba. Ƙwayar yashi ma tana da tsagarta, aikinmu shi ne koyon karanta ta.

Wane dutsen yashi ake magana, kuma wane gefen nahiya?

Kimanin shekaru miliyan 550 baya, Afirka da Kudancin Amurka da Indiya da Ostireliya da Antatika da ƙasar Larabawa duk a manne suke, nahiya guda da masana suka raɗa wa suna Gondwana. Arewacin Afirka na yau shi ne bakin wannan nahiya, teku na gabansa. A zamunnan da ake kira Kambiriyan da Odobishiyan, wato daga kimanin shekaru miliyan 540 zuwa 445 baya, yashi ya yi ta kwarara zuwa wannan baki har ya zama shimfiɗa daga Maroko zuwa Saudiyya, tsawon fiye da kilomita 5,000. A wasu wurare kaurinta ya kai mita 1,000.

Duk wanda ya taɓa ganin hoton Petra a Jodan, birnin nan da Nabatawa, tsofaffin mutanen yankin, suka sassaƙa a jikin jan dutse, ya ga wannan yashi. Shi ne tsaunukan Wadi Rum, shi ne duwatsun Al-Ula da Mada'in Salih a Saudiyya, shi ne katangar Tassili ta ciki da ta kewaye Ahaggar a Aljeriya. Ana ganinsa a Jado, arewa maso gabashin Nijar, da gefen Tibesti a Chadi.

Me ya sa ake ta nanata gefen nahiya? Ai yashi yashi ne ko a ina ya kwanta.

Gefen nahiya shi ne inda kayan koguna ke ƙarewa, don haka a can ake samun cikakken lissafin abin da aka zaizaye daga cikin ƙasa. Gefen kuma iri biyu ne. Akwai mai motsi, inda ƙasan teku ke nutsewa ƙarƙashin nahiya, aman wuta da girgizar ƙasa su yi yawa, kamar gaɓar Chili da Japan. Yashin irin wannan wuri cike yake da gutsattsarin dutsen aman wuta, baƙi-baƙi, bai yi tafiya mai nisa ba. Akwai kuma kwantacce, kamar gaɓar Najeriya da ta Birazil a yau, inda manyan koguna ke kawo yashi daga tsakiyar nahiya bayan doguwar tafiya.

Shimfiɗar da muke magana ta kwanta ne a kan faffaɗan dandamali kwantacce, da teku marar zurfi da ke hawa yana sauka. Shi ya sa tun kafin a shiga ɗakin gwaji ake kyautata zaton yashinta daga nesa ya fito.

Kafin ɗakin gwaji, me ake dubawa a jikin dutsen?

Alƙiblar ruwa. Je ka bakin kogi da rani, ka yanka tudun yashi da shebur, za ka ga siraran layuka a karkace, duk sun sunkuya gefe ɗaya. Ruwa ne ya riƙa tura ƙwayoyi suna hawa bayan tudun suna gangarowa ta gabansa, saboda haka layukan suna sunkuyawa ne zuwa inda ruwan ya nufa. Idan yashin ya zama dutse, layukan suna nan yadda suke. Mai bincike kan ɗora kamfas a kansu ya auna karkatarsu, ba sau ɗaya ko biyu ba, gommai a wuri guda, domin kogi na lanƙwasa, awo ɗaya kan yaudari mutum.

Masanan Faransa da suka yi aiki a Sahara lokacin neman man fetur, a shekarun 1950 da 1960, sun yi irin wannan awo a faɗin Tassili. Abin da suka samu shi ne ruwan ya nufi arewa da arewa maso yamma. A Jodan ma haka. Idan kana tafiya arewa kuma, alamun teku na ƙaruwa: ramukan tsutsa a tsaye kamar bututu, da sawun wasu halittun ruwa da suka ƙare tuntuni. Ke nan tudu yana kudu, cikin Afirka, teku yana arewa. Kamfas ya faɗi alƙibla, amma bai faɗi nisa ba, kuma nisan ne ya sa ake bukatar sauran hanyoyin da ke ƙasa.

Mece ce salar dutse, kuma me ake ƙirgawa a cikinta?

Ana yanko ɗan gutsuren dutse a manna a gilashi, a yi ta goga shi har kaurinsa ya koma milimita 0.03. A wannan sirantaka haske na ratsa shi, sai a sa a ƙarƙashin maikuroskof. Wani Bature ɗan Sheffield a Ingila, Henry Sorby, shi ya fara wannan dabara a 1849. Mai bincike kan bi salar taki-taki, duk inda tsakiyar madubi ta faɗa ya rubuta abin da ke wurin, har sau 300 zuwa 500. Abu uku ake tarawa: kwaz, wato farar ƙwayar nan mai ƙyalli kamar gilashi, feldispa, mai launin hoda ko madara da ake gani a jikin giranit (dutsen nan mai dabbare-dabbare irin na Kufena), da gutsuren dutse wanda bai gama rabuwa ba.

A 1979 William Dickinson da abokin aikinsa Suczek suka nuna cewa idan aka ɗora waɗannan uku a kan zane mai kusurwa uku, yashin kowane irin muhalli yana da inda yake taruwa. Mai yawan feldispa ya fito daga giranit na kusa da aka ɗaga da sauri. Mai yawan gutsure ya fito daga aman wuta ko daga tsaunukan da suka naɗe. Wanda ya haye can kusurwar kwaz ya fito daga tsakiyar tsohuwar nahiya. Kusan kowane ɗalibi yana kawo wannan zane a aikinsa, kuma yana da amfani. Sai dai a shimfiɗarmu ba ya kai mutum nesa, domin yawancin samfurori a kusurwa ɗaya suke cunkushewa, kwaz sama da kashi 90 cikin 100. Kwaz kuwa kusan kowane giranit a duniya yana da shi.

To me ya sa yashin ya zama kusan zallar kwaz?

Giranit yana da feldispa fiye da kwaz. Idan ka ga yashi babu feldispa, wani abu ya cinye shi. Ruwan sama mai ɗumi yana ruɓar da feldispa ya mai da shi yumɓu, kwaz kuwa ba ya jin wannan. A gefen hanyoyin da aka yanka tudu tsakanin Kaduna da Abuja za ka ga giranit da ya ruɓe har ana iya ƙwaƙule shi da hannu, ƙwayoyin kwaz na nan garau a cikin jar ƙasa. Dov Avigad na Jami'ar Hebrew da abokan aikinsa sun yi bayani a 2005 cewa irin wannan ruɓa ce, a faɗin nahiya da kuma tsawon miliyoyin shekaru, ta samar da wannan ɗimbin kwaz.

Abu na biyu da ɗalibai kan manta shi ne, a wancan zamani babu bishiya, babu ciyawa a doron ƙasa. Tsirrai masu saiwa ba su yaɗu ba sai wajen shekaru miliyan 400 baya. Babu abin da zai riƙe gaɓar kogi, don haka ruwa kan bazu ne rassa-rassa a fili mai faɗi, iska ta kwashe ƙura, a bar yashi ana ta jujjuya shi. A ƙasan shimfiɗar, dab da tsohon dutsen da ta kwanta a kai, akan sami feldispa da tsakuwa. Kana hawa sama yashin na ƙara tsarki.

Su wane ne ma'adanai masu nauyi, kuma yaya ake fitar da su?

Bayan an ɗauke ruwan sama, duba kwatar da ruwa ya bi a ƙofar gida. A kan farin yashin za ka ga baƙin zare-zare, kamar an barbaɗa kwalli. Waɗannan su ne ƙwayoyin da suka fi kwaz nauyi, ruwa ya kasa ɗaukar su ya bar su a baya. A dutsen yashi galibi ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, amma su ne masu tsaga a fuska. Kwaz ya ninka nauyin ruwa sau 2.65, zirkon kuwa, ɗaya daga cikin masu nauyin, wajen sau 4.6. A ɗakin gwaji ana daka dutsen, a tankaɗe, a zuba a wani ruwan magani mai nauyin kusan 2.9. Kwaz ya taso sama, masu nauyi su nutse. Masu wankin kuza a Jos da masu wankin zinariya a Zamfara da ƙwarya ko kasko hikimar ɗaya suke bi, kuma ragowar wankin kuza a Filato cike take da zirkon.

Cikin masu nauyin ma akwai rarrauna da jarumai. Wasu suna narkewa da ruɓa ko da zurfin binnewa. Uku ne ke tsira daga kusan komai: zirkon, tomalin da rutil. John Hubert ya kawo ma'aunin da ake kira ZTR, daga haruffan farkon sunayensu, a 1962, wato kason waɗannan uku cikin masu nauyin da haske ke ratsawa. A yawancin duwatsun shimfiɗarmu wannan kaso na da yawa ƙwarai, abin da ya yi daidai da amsar da ta gabata kan ruɓa.

Ta yaya ƙwayar zirkon take faɗin shekarunta?

Sa'ad da narkakken dutse ke hucewa a cikin ƙasa, zirkon na tsirowa a ciki. Yana karɓar ɗan yuraniyom a jikinsa, amma ba ya karɓar dalma. Yuraniyom kuwa a hankali yake rikiɗa ya zama dalma, da saurin da aka auna aka sani. Nau'in da ake kira 238 yana ɗaukar shekaru biliyan 4.47 kafin rabinsa ya rikiɗa, nau'in 235 kuma shekaru miliyan 704. Saboda haka dalmar da aka samu a cikin ƙwaya bayan haihuwarta ta taru, kuma idan aka auna ta da yuraniyom ɗin da ya rage sai shekaru su fito. Alherin da ke ciki shi ne agogo biyu ne a ƙwaya ɗaya. In sun yi daidai, a yarda. In sun saɓa, ƙwayar ta yi yoyon dalma, a ajiye ta gefe.

Girman ƙwayar bai fi kaurin gashin kai ɗaya ko biyu ba. Ana jera su a cikin danƙo, a goge har a kai tsakiyarsu, a ɗauki hotonsu da na'urar da ke nuna zobban girmansu kamar na kututturen bishiya. Daga nan a harba leza ta huda ɗan rami da bai fi milimita 0.03 ba, na'ura ta shaƙi hayaƙin ta ƙirga. Wani lokaci ƙwaya ɗaya tana da tsohuwar cibiya da sabuwar riga, kowace da shekarunta, shi ya sa hoton ke da muhimmanci kafin harbi.

Juriyar zirkon ta wuce misali. Mafi tsufan abin da aka taɓa aunawa daga doron duniya ƙwayar zirkon ce daga Jack Hills a yammacin Ostireliya, mai shekaru biliyan 4.4, kuma a cikin tsohon yashi da tsakuwa aka tsince ta. Wannan juriya ita ce ƙarfinsa, ita ce kuma tarkonsa, kamar yadda za a gani a tambayar yashin gwanjo.

Ƙwaya nawa ya kamata a auna daga samfuri ɗaya?

Pieter Vermeesch ya yi lissafi a 2004 cewa ana bukatar ƙwaya 117 domin a sami tabbacin kashi 95 cikin 100 cewa ba a tsallake wata zuriya da ta kai kashi 5 na yashin ba. Yanzu da leza ta sauƙaƙa aiki, da yawa suna auna 300 ko fiye. Kada a zaɓi kyawawa da manya kaɗai, domin ido na son abin da ke ƙyalli, sai mutum ya jirkita sakamako da hannunsa.

Tsabta ta fi yawa muhimmanci. Na taɓa asarar aikin watanni saboda rariya ɗaya. An tankaɗe giranit da ita kafin mu, ba a goge ragarta da kyau ba, mu ma ba mu duba ba. Da muka zo maikuroskof sai ga ƙwayoyi masu kaifin baki, sababbi fil, a tsakiyar zirkon ɗinmu da tafiya ta mulmule kamar gero. Dole muka zubar da komai muka sake daka wani. Tun daga ranar, kowace rariya sai na ɗaga ta ga haske na bi ragarta da allura kafin a zuba samfuri.

To me zirkon ɗin ya nuna? Daga ina yashin?

Daga Maroko har Jodan, zuriyar da ta fi yawa ita ce mai shekaru miliyan 550 zuwa 700. Avigad da abokansa sun nuna haka a kudancin Isra'ila a 2003, daga baya aka samu irinsa a Jodan, Libiya da Aljeriya. Wannan shi ne lokacin da guntayen nahiyoyi suka yi karo suka haɗa Gondwana, abin da W. Q. Kennedy ya sa wa suna Fan-Afirka a 1964. Duk inda aka yi karo tsaunuka sun tashi, irin yadda Himalaya ta tashi da Indiya ta daki Asiya. Manyan jeri biyu ne suka shafe mu. Na gabas ya taso daga Sina'i da gaɓar Bahar Maliya ya gangara ta Habasha da Kenya zuwa Mozambik. Na yamma ya ratsa Sahara: Ahaggar, Adrar na Ifogas a Mali, Azbin a Nijar, ya bi ta Najeriya da Benin da Togo, ya ci gaba a arewa maso gabashin Birazil.

Tsaunukan ba su daɗe ba a ma'aunin duwatsu. Kafin yashin Kambiriyan ya kwanta, an riga an aske su a wurare da yawa har sun zama fili. A Tassili da Wadi Rum ana ganin layin da ido: giranit da aka shafe a ƙasa, dutsen yashi kwance a kansa kamar an shimfiɗa tabarma. Wato yashin gawar tsaunukan ne, ya kwanta a kan kututturensu.

Ke nan yashin Tassili daga ƙasar Hausa ya fito?

A nan sai a yi hattara. Dutsen Kufena a Zariya da na Kwatarkwashi suna cikin abin da J. D. Falconer ya kira tsofaffin giranit a 1911, kuma shekarun wannan rukuni sun faɗa cikin zamanin Fan-Afirka. Giranit a can cikin ƙasa yake daskarewa, kilomitoci ƙarƙashin tudu. Ganinsa a sarari yau na nufin an kwashe duk abin da ke kansa. Wannan kaya ya tafi wani wuri, kuma mun ga a amsar kamfas cewa ruwan Sahara arewa ya nufa. Don haka daidai ne a ce jerin tsaunukan da Kufena ke cikin saiwarsa yana cikin iyayen yashin Tassili.

Abin da ba zai yiwu ba shi ne a ɗaga ƙwaya ɗaya a ce ta Zariya ce. Giranit mai shekaru miliyan 600 yana Ahaggar, yana Azbin, yana Kamaru, yana Sudan. Kama da wane ba ta wane.

In shekarun duk ɗaya ne, ta yaya ake rarrabe tushe da tushe?

Hanya ta farko ita ce duban ƙananan zuriyoyin da suka rako babbar. A yamma, Maroko da yammacin Aljeriya, abokan tafiyar zirkon mai miliyan 600 su ne masu shekaru biliyan 2 zuwa 2.2. Wannan tsagar tsohuwar ƙasar Afirka ta Yamma ce, duwatsun nan da ke ɗauke da zinariyar Obuasi a Ghana da ta Liptako a yammacin Nijar. Masu shekaru kusan biliyan 1 ba su cika bayyana a can ba. A gabas kuwa, Libiya da Jodan, masu biliyan 1 suna nan da yawa, kuma a Jodan an ga suna ƙaruwa yayin da ake hawa daga ƙasan shimfiɗa zuwa samanta. Fassarar da aka fi yi ita ce, da tsaunukan kusa suka ƙare yashi ya binne su, sai koguna suka miƙa hannu can kudu. Inda masu biliyan 1 suka fito har yau masana sun kasu: wasu na nuna tsakiya da gabashin Afirka, wasu na nuna duwatsun da yashin Sahara ya rufe.

Hanya ta biyu ita ce sake huda ƙwayar a auna wani sinadari mai suna hafniyom. Shi yana faɗin ko narkakken dutsen da ya haifi zirkon sabo ne daga can cikin duniya, ko tsohuwar ƙasa ce aka sake narkarwa. Duwatsun gaɓar Bahar Maliya, waɗanda suka fi kusa da Petra, yawancinsu sababbi ne. Da Navot Morag da abokansa suka yi wannan awo a 2011, sai suka tarar kaso mai yawa na ƙwayoyin daga tsohuwar ƙasa suka fito, ko da yake shekarunsu sun yi daidai da na makwabta. Da an tsaya ga shekaru kaɗai da an ce yashin na gida ne. A ganina wannan binciken ya kamata kowane ɗalibi ya sani kafin ya rubuta kalmar tushe a aikinsa.

Na ji ana cewa har Turai wannan yashi ya kai. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, amma ƙasar ce ta yi tafiya da yashin a kanta. Sassan Sifen, Fotugal, yammacin Faransa da wani yanki na Jamus a da gefen Gondwana ne, daga baya motsin ƙasa ya kai su inda suke. Farin dutsen kwaz na zamanin Odobishiyan da ke yankin Bretagne a yammacin Faransa da tsakiyar Sifen ɗan'uwan na Sahara ne. Bambancin gabas da yamma da aka bayyana a amsar da ta gabata shi ake amfani da shi a gane mazaunin kowane yanki. Wanda yashinsa ba shi da zirkon mai biliyan 1 ana mai da shi kusa da Maroko. Wanda yake da shi, kamar wasu sassan arewa maso yammacin Sifen, da yawan masana suna mai da shi gabas, wajen Libiya.

Mene ne yashin gwanjo, kuma me ya sa ake jin tsoronsa?

Tsaga tana faɗin gidan da aka haifi mutum, ba ta faɗin garin da ya kwana jiya. Zirkon da aka haifa a giranit shekaru miliyan 600 baya zai iya shiga dutsen yashi na Kambiriyan, a zaizaye wannan dutse ya shiga wani na bayansa, a sake zaizayewa ya shiga tudun rairayin Tenere, shekarunsa ba su canja ba ko kaɗan. Haka kuwa aka yi a Sahara. A ƙarshen Odobishiyan, wajen shekaru miliyan 445 baya, wannan yanki yana kusa da ƙuryar kudu ta duniya, ƙanƙara ta rufe shi, ta kankare yashin da ya riga ya kwanta ta sake zube shi. Har yau ana ganin karcen da ta bari a Tassili da Jado. Rairayin Sahara na yanzu ma yawancinsa daga tsofaffin duwatsun yashi ya ɓalle.

Alamun gwanjo su ne zirkon da ya mulmule sosai, ZTR da ya kusa cika, da ƙwayar kwaz mai ɗauke da ragowar tsohon simintin da ya taɓa manne ta. Akwai kuma matsalar da ke tafe da wannan: duwatsu ba ɗaya suke ba wajen haihuwar zirkon. Giranit na zubar da shi da yawa, baƙin dutsen aman wuta kuwa kusan babu. Tsauni guda zai iya ba da rabin yashin kogi amma bai bar ƙwaya ko ɗaya a jadawalinka ba. Shi ya sa masu lura suke haɗawa da rutil ko maika (ma'adinin nan mai ƙyalli da ke ɓarewa falle-falle), waɗanda agogonsu ke faɗin lokacin da dutse ya huce ya kusanto sarari.

Akwai irin wannan dutse a Najeriya da za a yi aiki a kai?

Na Kambiriyan da Odobishiyan ba ya bayyana a Najeriya, sai an haura arewacin Nijar. Namu na zamanin Kiretashiyos ne (kimanin shekaru miliyan 145 zuwa 66 baya) zuwa sama, kuma shi ma labarin gefen nahiya ne. Da Afirka ta fara rabuwa da Kudancin Amurka, tsagewar ta yi reshe zuwa cikin ƙasa, reshen bai zama teku ba, ya zama kwarin Binuwai mai tsawon kusan kilomita 1,000. Abin da ya fara cika ɓangarensa na arewa shi ne dutsen yashin Bima, wanda ya ci sunan Dutsen Bima da ke jihar Gombe kusa da kogin Gongola, mai shekaru fiye da miliyan 100. Ƙasansa kishiyar yashin Tassili ne: manyan ƙwayoyi masu kaifi, feldispa jingim, tsakuwar giranit kamar dunƙulen hannu. Wannan yashi bai yi nisa da gida ba.

Muna kuma da tsagar da ta fi ta kowa fita. Sababbin giranit na Najeriya, irin na Jos, shekarunsu kimanin miliyan 200 zuwa 140 ne, danginsu na Damagaram sun girme su, na Azbin sun girmi duka. Zirkon mai shekarun Jos a cikin yashin Binuwai ko na Neja Delta ba shi da masu kama da yawa a wannan yanki.

Ban da sanin tarihi, wane amfani wannan bincike yake da shi?

Asalin yashi shi ke yanke ko dutsen zai riƙe ruwa da mai. Zallar kwaz tana barin ƙofofi tsakanin ƙwayoyi, mai feldispa da gutsure kuwa yumɓu kan toshe shi. Hassi Messaoud, filin mai mafi girma a Aljeriya da aka gano a 1956, daga dutsen yashin Kambiriyan yake zuba, fiye da mita 3,000 a ƙarƙashin ƙasa. Ruwan Disi na kudancin Jodan da aka fara turawa birnin Amman a 2013 ta bututu mai tsawon kilomita 325 daga wannan shimfiɗa ake jawo shi, haka ma rijiyoyin gonakin Tabuka da Ƙasim a Saudiyya. A Arlit, inda aka fara haƙar yuraniyom a 1971, ma'adinin yana cikin dutsen yashi ne da ya zo bayan namu, kuma ana danganta tushensa da duwatsun Azbin da ke gabas da shi. Wanda ya san ta inda tsohon kogi ya biyo ya san inda zai sa injin haƙa.

Ni ɗalibi ne, makarantarmu ba ta da na'urar leza. Me zan iya yi?

Da yawa. Kamfas, guduma, madubin hannu da littafin rubutu sun isa a fitar da alƙiblar ruwa, kuma babu na'urar da za ta yi maka wannan daga nesa. Auna kaurin kowane layi daga ƙasa zuwa sama, rubuta daidai inda ka ciro kowane samfuri, ka ciro daga ƙasa da tsakiya da sama domin tushe na canjawa da lokaci, kamar yadda aka gani a Jodan. Ƙirga tsakuwa 100 a wuri ɗaya ka fasa kowace ka ga irin dutsenta. Tsakuwa ta fi zirkon faɗin gaskiya game da tushe na kusa. Yanka sala ka yi ƙirgar nan da haƙuri, ka faɗi adadin da ka ƙirga.

In babu ruwan maganin raba ma'adanai, wanki da ƙwarya yana tara masu nauyi daidai gwargwado, maganaɗisu ya cire masu ƙarfe. Ɗauki kamar kilo 2 na dutse marar ruɓa daga kowane wuri, ka raba biyu, ka yi aiki da rabi. Ɗaya rabin ka ɗaure shi a leda mai kauri, ka rubuta lambar wuri da kwanan wata a takarda ka sa a ciki, ka sake rubutawa a waje. Ɗakunan gwaji na ƙasashen waje da ke haɗa gwiwa da jami'o'inmu abin da suke fara tambaya ke nan: daga wane layi aka ciro shi, kuma ruwan ta ina ya nufa.